Yadda za ka sa suwic-suwic su faɗa wa juna adireshinsu da baki ɗaya

Na taɓa karɓar wani netwok da aka tara masa suwic na kamfanoni uku, kowanne an saye shi a lokacinsa. Da na tambayi suwic na tsakiya su wa ke maƙwabtaka da shi, sai ya jero mini amsoshi. Na farko ya ce ƙofarsa Gi1/0/24 ce. Na biyu ya ce 517. Na uku kuwa adireshin MAC ya turo, lambar shaidar katin netwok, baƙaƙe goma sha biyu da ba a rubuta su a jikin kowace ƙofa ba. Wajen adireshin gudanarwa abin ya fi muni: ɗaya ya ba da adireshin da ya fito da shi daga masana'anta, ɗaya ya ba da na wani VLAN (ɓangaren netwok da aka keɓe a cikin suwic) da ba a iya kaiwa gare shi daga inda nake, ɗaya kuma ya yi gum. Dukkansu LLDP suke magana da shi, wato ƙa'idar da na'urori ke bi su gabatar da kansu ga maƙwabtansu, kuma babu wanda ya karya doka a cikinsu.

A nan matsalar take. Ƙa'idar duniya ta tsara siffar saƙon, amma ta bar wa kowane mai ƙera na'ura zaɓin abin da zai zuba a ciki. Daidaitawar da ta rage taka ce, kai mai riƙe da netwok ɗin. Ga yadda nake bi, mataki bayan mataki.

Mataki na farko: san abin da ke tafiya a kan waya

Kafin 2005 kowane kamfani da yarensa. Cisco na da CDP, Extreme na da EDP, Foundry na da FDP, Nortel na da SONMP. Idan ka haɗa biyu daga gidaje daban, sai su zauna kamar kurame. A 2005 hukumar IEEE ta fitar da 802.1AB, wato LLDP, aka sake bitarsa a 2009 da 2016.

Aikinsa ba shi da wuya. Kowace ƙofa tana aika firam ɗaya, wato ƙunshin saƙo, duk bayan daƙiƙa 30, mai lambar EtherType 0x88CC, zuwa adireshin 01:80:C2:00:00:0E. Suwic mai bin doka ba ya wuce da wannan firam gaba, don haka duk abin da ka ji daga wanda ke ɗaya bakin wayar ya fito. Babu tambaya babu amsa, babu tabbacin an karɓa. Kowa shelarsa yake yi, wanda ya ji ya ajiye.

Cikin firam ɗin akwai gutsattsarin bayani da ake kira TLV: iri, tsawo, sai abin da ke ciki. Bit 7 na iri ne, bit 9 na tsawo, shi ya sa abin da ke cikin TLV ɗaya ba ya wuce bayit 511. Uku na farko dole ne, kuma a jere: lamba 1 shaidar akwatin, lamba 2 shaidar ƙofa, lamba 3 tsawon lokacin da za a riƙe bayanin. Sauran na ganin dama ne: 4 bayanin ƙofa, 5 sunan na'ura, 6 bayanin na'ura, 7 ayyukan da take iyawa, 8 adireshin gudanarwa, sai 127 da aka ware wa ƙungiyoyi su saka nasu.

Kada ka fara da karanta allon suwic. Jona kwamfuta mai Linux a wata ƙofa ka saurara da kanka:

`tcpdump -i eth0 -vv -s 0 ether proto 0x88cc`

Dalilina shi ne allon suwic yana gyara maka abin da ya karɓa kafin ya nuna, wani lokaci ma yana ɓoye filin da bai gane ba. Waya kuwa ba ta kwalliya.

Mu dubi TLV na 8 kusa-kusa, domin shi ne zuciyar maganar. Ga yadda yake fitowa daga suwic mai adireshi 192.0.2.11:

`10 0c 05 01 c0 00 02 0b 02 00 00 00 05 00`

Bayit biyun farko, 10 0c, suna cewa iri na 8 ne, tsawonsa 12. Sai 05, tsawon adireshin haɗe da alamar irinsa. Sai 01, wato IPv4, bisa jerin lambobin IANA inda 2 ke nufin IPv6, 6 kuma MAC. Sai c0 00 02 0b, wato 192.0.2.11. Sai 02, ma'ana lambar da ke biye ifIndex ce, wato lambar da na'ura ke ba kowace ƙofa a tsarin sa ido na SNMP. Da 3 ce, lambar ƙofa ta cikin gida ke nan, da 1 ce, ba a sani ba. Sai 00 00 00 05, ifIndex na biyar. Na ƙarshe 00, babu OID, wato jerin lambobin da SNMP ke nuna wani bayani da shi.

Sake duba jerin nan da kyau. Babu inda aka ce /24 ko /31. TLV ɗin ba shi da gurbin tsawon firefis, lambar da ke nuna girman yankin adireshi, ko kaɗan. An yi shi ne don ya amsa tambaya ɗaya tak: ta wane adireshi zan shiga in gudanar da wannan akwati? Ba a yi shi don ya faɗi adireshin ƙofar da firam ɗin ya fito ta cikinta ba. Mutane da yawa sun ɓata kwanaki suna neman abu na biyu a gurbin na farko. Za mu dawo kan wannan a mataki na biyar.

Mataki na biyu: rubuta dokar gida kafin ka taɓa kowace na'ura

Shafi ɗaya ya isa. Abu huɗu za ka yanke hukunci a kansu.

Shaidar akwati. Ƙa'idar ta yarda da iri bakwai. Ɗauki na 4, adireshin MAC. Kusan kowane suwic haka yake fitowa, don haka ba ka da aiki a nan. Abin lura kawai shi ne idan an ɗaure suwic da yawa suka zama tari ɗaya: ka tabbata MAC ɗin tarin ba ya canzawa idan shugabancin ya koma hannun wani, in ba haka ba manhajar sa ido za ta ɗauka sabuwar na'ura ce ta bayyana.

Shaidar ƙofa. Nan ne rikicin ya fi yawa. Ita ma iri bakwai ce: 1 laƙabin ƙofa, 3 MAC, 4 adireshin netwok, 5 sunan ƙofa, 7 abin da na'urar ta ga dama, da sauransu. Ni dai na 5 nake tilastawa ko'ina. Mutumin da aka tura ɗakin na'urori cikin dare sunan da ke rubuce a jikin ƙarfe yake iya gani, ba ifIndex ba. Lamba irin 517 da na ambata a sama tana da wata illar: ifIndex na iya sauyawa bayan an sake kunna wasu na'urori, sai taswirarka ta koma ƙarya ba tare da an taɓa waya ko ɗaya ba. Wani zai ce to a yi amfani da iri na 4 mana, a saka adireshin IP a matsayin shaidar ƙofa, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ban yarda ba. Maƙwabci yana gane ka ne ta haɗin shaidar akwati da ta ƙofa, don haka ranar da ka sauya adireshi ka zama baƙo a wurinsa, kuma ƙofar da ba ta da IP ba ta da abin cewa.

Sunan na'ura. Ko dai cikakken suna mai haɗe da yanki ko'ina, ko gajere ko'ina. Wanda ka zaɓa ya yi daidai da abin da ke cikin DNS harafi da harafi. Ɗan bambanci irin na babban baƙi da ƙarami ya isa ya raba na'ura ɗaya gida biyu a rumbun bayanai.

Adireshin gudanarwa. Dokar ita ce: adireshin da manhajar sa ido ke amfani da shi wajen shiga na'urar, shi kaɗai za a yi shelarsa. Idan kana da netwok na gudanarwa daban, adireshin ƙofar gudanarwa ke nan. Idan ta cikin netwok ɗin aiki kake shiga, to na loopback, ƙofar da ba ta zahiri ba da ke cikin na'urar, domin shi ba ya faɗuwa don wata waya ta tsinke. Ƙa'idar ta yarda a maimaita TLV na 8 fiye da sau ɗaya, saboda haka IPv4 ɗaya da IPv6 ɗaya sun wadatar. Kada ka bar na'ura ta jero duk adireshin da take da shi. Manhajoji da yawa na farkon kawai suke ɗauka, kuma ba kai ke zaɓen na farkon ba.

Na ƙara abu na biyar ko da yake ba adireshi ba ne: bayanin ƙofa. Tsara masa siffa guda, misali sunan maƙwabci sannan ƙofarsa, kuma kada ya wuce harafi 64, domin iyakar filin ifAlias ke nan a RFC 2863. Amfaninsa zai fito nan gaba.

Mataki na uku: kunna shi, ka tilasta zaɓinka

Fara da suwic biyu da ke haɗe da juna, ba da netwok ɗin gaba ɗaya ba.

A Cisco IOS, CDP ne ke kunne tun daga kwali, LLDP kuwa sai ka tashe shi:

`lldp run`
`lldp timer 30`
`lldp holdtime 120`
`lldp tlv-select management-address`

A NX-OS na Cisco sai ka fara da `feature lldp`. A Junos na Juniper, inda asalin shaidar ƙofa lambar SNMP ce, layuka uku nake sakawa:

`set protocols lldp interface all`
`set protocols lldp port-id-subtype interface-name`
`set protocols lldp management-address 192.0.2.11`

A Arista EOS yana kunne tun farko, abin da ya rage ka nuna masa ƙofar da zai ɗauko adireshi daga gare ta:

`lldp management-address Management1`

Saba-saba ma maƙwabta ne, kada a bar su a baya. A Linux manhajar lldpd ce ta fi yaɗuwa. Halinta na asali shi ne ta tura MAC a matsayin shaidar ƙofa, ta saka sunan ƙofar a gurbin bayani, sai fa idan ƙofar tana da laƙabi. Wajen adireshi kuma na farkon da ta tarar take ɗauka, wanda a saba mai ɗauke da kwantena zai iya zama na wata gadar cikin gida da ba mai iya kai mata daga waje. Rubuta wannan a /etc/lldpd.conf:

`configure lldp portidsubtype ifname`
`configure system ip management pattern 192.0.2.*,2001:db8:*`
`configure system interface pattern eth*`

Akwai suwic da ba sa ba ka damar zaɓen adireshin gudanarwa, su ke zaɓar wa kansu. Irin waɗannan sai ka gano dabarar zaɓinsu ta hanyar saurare a waya, ka rubuta su a shafin dokar a matsayin togiya. Togiyar da aka rubuta ba ta cutarwa kamar wadda aka manta.

Game da lokuta, bar su yadda suke. Lokacin riƙon bayani shi ne tazarar aikawa ninki 4, daƙiƙa 30 sau 4 ya ba da 120. Idan ka ga wata na'ura tana tura 121 kada ka damu, bitar 2009 ce ta ƙara daƙiƙa ɗaya a lissafin. Wannan bitar ta kuma kawo saurin farawa: idan sabon maƙwabci ya bayyana, ana aika firam huɗu a jere, daƙiƙa ɗaya tsakaninsu, don kada a jira rabin minti. Na'urar da aka kashe LLDP ɗinta cikin tsari tana aika firam mai lokacin riƙo sifili, maƙwabci ya share ta nan take. Masu rage lokacin zuwa daƙiƙa ɗaya don su gano tsinkewar waya da wuri suna ɗora wa jaki kayan raƙumi. Wannan aikin BFD ne, yarjejeniyar gano tsinkewar haɗi cikin sauri ta RFC 5880.

CDP kuma, kada ka yi gaggawar kashe shi. Akwai tsofaffin wayoyin tarho na IP da ke jiran sa don su san VLAN ɗin murya. Bar su su yi tafiya tare har ka tabbatar komai ya koma LLDP-MED, ƙarin LLDP don tarho da makamantansu da hukumar TIA ta fitar a 2006 da lamba 1057.

Mataki na huɗu: idan maƙwabci bai bayyana ba

Umarnin dubawa: `show lldp neighbors detail` a Cisco da Arista, `show lldp neighbors` a Junos, `lldpcli show neighbors details` a Linux. Idan jerin ya fito fanko bayan minti ɗaya, wurare uku nake dubawa.

Na ɗaya, katin netwok na sabar. Wasu katuna suna da nasu wakilin LLDP a cikin firmware, wanda ke haɗiye firam kafin Linux ya gan shi, ya kuma yi shela da sunan saba da bayanin da ba naka ba. Katunan Intel na dangin X710 haka suke fitowa, kuma maganin shi ne:

`ethtool --set-priv-flags eth0 disable-fw-lldp on`

Alamar wannan cuta ita ce suwic yana ganin maƙwabci marar suna, mai MAC kawai, ko kuma maƙwabta biyu a ƙofa ɗaya.

Na biyu, gadar Linux. Tana tare firam na LLDP kamar kowane suwic na ƙwarai, don haka na'urorin kwaikwayo da ke bayanta ba za su ga juna ba. A ɗakin gwaji ana buɗe hanyar da saka 0x4000 a group_fwd_mask na gadar. A netwok na aiki kuwa ka yi tunani sau biyu.

Na uku kishiyar na biyu ne: ɗan ƙaramin suwic marar gudanarwa da wani ya cusa a tsakani. Wasu daga cikinsu suna watsa firam ɗin ko'ina, sai ka ga maƙwabta biyar a ƙofar da ya kamata a ga ɗaya. Wannan ba laifin LLDP ba ne, tona asiri ya yi.

Akwai kuma matsalar girma. Duk saƙon dole ya shiga firam ɗaya na bayit 1500. Idan ka kunna TLV na sunan VLAN a ƙofar da ke ɗauke da VLAN ɗaruruwa, wuri zai ƙare, wasu filayen su zube. Gyaran 802.1ABdh na 2021 ya kawo hanyar raba saƙo a firam da yawa, amma sai ɓangarorin biyu sun iya shi. Mafi sauƙi ka kashe abin da ba ka karantawa.

Mataki na biyar: adireshin ƙofa kansa

Yanzu kowane suwic ya san sunan maƙwabcinsa, ƙofarsa, da adireshin shiga. Abin da bai sani ba shi ne adireshin IP da ke ɗaya bakin wayar da tsawon firefis ɗinsa. Kuma a nan kurakuran da suka fi cin rai suke ɓuya.

Ga misali. Waya tsakanin suwic biyu, an ware mata adireshi biyu. Mutum na farko ya rubuta 198.51.100.5/31 a nasa ɓangaren. Na biyu, wanda ya saba da tsohon tsari, ya rubuta 198.51.100.6/30. A lissafin na biyu yankin ya kama daga .4 zuwa .7, don haka .5 maƙwabcinsa ne. A lissafin na farko yankin .4 da .5 ne kawai, .6 baƙo ne da ke wani wuri. Fitila kore ce a ɓangarorin biyu, LLDP yana nuna komai lafiya, amma BGP, yarjejeniyar musayar hanyoyi tsakanin na'urorin, ya ƙi tashi. OSPF, wata yarjejeniyar musayar hanyoyin, yakan kama irin wannan a kan haɗin da aka bari a matsayin na watsawa, domin saƙon gaisuwarsa yana ɗauke da mask, wato tsawon firefis a wata siffa, amma idan an ce masa haɗin na mutum biyu ne, ba ya duba mask ɗin.

Hanya uku ce a gabanka.

Ta farko, wadda na fi ba da shawara ga netwok da ya riga ya tsaya da ƙafarsa: bar LLDP ya gaya maka wa ke haɗe da wa, sannan ka bi adireshin gudanarwar da ya ba ka ka tambayi kowace na'ura adireshin ƙofofinta. Da SNMP, ipAddressTable na RFC 4293 yana da adireshi da ifIndex da manunin firefis. Da NETCONF, samfuran YANG na RFC 8343 da RFC 8344, duka na 2018, suna ba da ƙofa da adireshi da tsawon firefis a tsari ɗaya. Shi ma LLDP ya samu nasa samfurin YANG a 802.1ABcu na 2021, ga kuma na OpenConfig ga masu amfani da gNMI. Ka ga amfanin wahalar da muka sha a mataki na biyu: sunan ƙofar da LLDP ya kawo shi ne mabuɗin da za ka nemo adireshinta da shi.

Ta biyu: ka daina ba wa waɗannan haɗe-haɗen adireshi gaba ɗaya. Kowace ƙofa mai IPv6 tana ƙirƙirar wa kanta adireshin fe80, kuma a kan rawuta tana iya sanar da shi ta saƙon shelar rawuta na RFC 4861. BGP zai iya tashi a kan wannan adireshin, ya kuma ɗauki hanyoyin IPv4 bisa RFC 5549 na 2009, wanda RFC 8950 ya maye gurbinsa a 2020. A FRR, manhajar rawuta ta Linux, layi ɗaya ne:

`neighbor swp1 interface remote-as external`

Babu /31, babu /30, babu kuskuren da za a yi. Ga sabuwar cibiyar bayanai mai tsarin ganye da ƙashin baya irin na RFC 7938, wannan nake zaɓa ba tare da jinkiri ba. Farashinsa shi ne traceroute zai riƙa nuna adireshin loopback maimakon na ƙofa, sannan ka gwada shi tsakanin na'urorin kamfanoni daban kafin ka dogara da shi, domin yadda ake gano maƙwabcin ba kowa ya yi shi iri ɗaya ba.

Ta uku: ka cusa adireshi da firefis a TLV na 127. Tsarinsa OUI, wato lambar shaidar ƙungiya, mai bayit 3, lambar iri bayit 1, sai bayani har bayit 507. IEEE 802.1 na amfani da 00-80-C2, 802.3 na amfani da 00-12-0F, LLDP-MED kuma 00-12-BB. Ita ma IETF tana da ƙofa ta OUI ɗin IANA, 00-00-5E, wanda RFC 8520 na 2019 ya yi amfani da irinsa na farko. A rukunin aikin LSVR na IETF an rubuta daftarin wata yarjejeniya mai suna L3DL da ke musayar adireshin ƙofa da firefis kai tsaye tsakanin maƙwabta, abin da ke nuna cewa giɓin sananne ne. lldpd yana ba ka damar ƙirƙirar naka TLV da `configure lldp custom-tlv`. Shawarata a nan gajeriya ce: kada ka ari OUI ɗin wani, kuma kada ka gina netwok na aiki a kan abin da suwic ɗinka ba za su iya fassarawa ba. Abin da za su nuna maka tarin lambobi ne ƙarƙashin taken TLV da ba a gane ba.

Idan kana nan kan adireshi na hannu, aƙalla ka tsayar da siffa ɗaya: /31 ga IPv4 bisa RFC 3021, /127 ga IPv6 bisa RFC 6164, kuma ƙaramar lamba kullum a ɓangaren sama.

Mataki na shida: tara bayanin, ka sa ya binciki kansa

Da SNMP, teburin maƙwabta yana 1.0.8802.1.1.2.1.4.1, na adireshin gudanarwarsu kuma yana 1.0.8802.1.1.2.1.4.2. Tarko biyu ke nan. Adireshin ba ya cikin darajar da aka dawo da ita, yana cikin wutsiyar OID ɗin: za ka ga ya ƙare da .1.4.192.0.2.11, wato iri 1, tsawo 4, sai adireshin. Sannan lambar ƙofar gida da teburin ke amfani da ita ba lallai ta zama ifIndex ba, sai ka fassara ta da teburin 1.0.8802.1.1.2.1.3.7. A Linux babu wannan wahalar, `lldpcli -f json show neighbors details` ya gama magana.

Da bayanin ya taru, ɗan gajeren shiri zai yi wa kowace waya tambayoyi. Shin A ya ce B yana ƙofarsa, B ma ya ce A yana tasa? Idan ɓangare ɗaya ne kawai ke gani, ko an kashe aikawa a ɗayan, ko zaren fayiba ɗaya ya mutu. Shin bayanin ƙofar da mutum ya rubuta ya dace da maƙwabcin da aka ji? Wannan ita ke kama wayar da aka sauya wa wuri ba a faɗa ba. Shin adireshin gudanarwar da aka yi shela yana amsawa, kuma DNS ya mayar da shi ga sunan da aka yi shela? Shin adireshin ɓangarorin biyu suna yanki ɗaya da firefis ɗaya? Shin VLAN ɗin asali, wanda TLV na 802.1 iri na 1 ke ɗauka, ɗaya ne? Shin girman firam, na 802.3 iri na 4, ya dace? A wannan na ƙarshe ka tuna girman firam ake faɗa ba MTU, wato iyakar girman saƙon IP, ba, kuma kamfanoni sun bambanta wajen ƙirga kan firam, don haka ka bar rangwamen 'yan bayit.

Wuri ɗaya da shirin zai yi tuntuɓe shi ne wayoyin da aka ɗaure suka zama dami. LLDP yana gudana a kan kowace waya ta zahiri, adireshin IP kuwa yana kan damin. Idan ka nemi adireshin Ethernet7 ba za ka samu komai ba, domin yana kan Port-Channel1. TLV na ɗaure wayoyi yana faɗin lambar damin, ko kuma ka samo dangantakar daga ifStackTable. Haka nan ƙofar da adireshinta ke kan VLAN.

Mataki na bakwai: rufe bakin ƙofofin da ke kallon waje

LLDP ba ya tantance kowa. Duk wanda ya jona waya zai ji sunan suwic, samfurinsa, sigar manhajarsa da adireshin gudanarwarsa, kuma zai iya turo nasa bayanin na ƙarya. A ƙofofin da ke fuskantar wani kamfani ko masu ba da intanet ko baƙi, kashe shi ɗungurungum, `no lldp transmit` da `no lldp receive` a IOS. Karɓa ma tana da haɗari, domin fassara saƙon baƙo aiki ne da kurakurai ke ɓuya a ciki. A 2020 masu bincike na Armis sun bayyana raunuka biyar a yadda na'urorin Cisco ke fassara CDP. A ƙofofin ma'aikata inda tarho ke buƙatar LLDP-MED, bar shi a kunne amma ka cire TLV na 6 da na 8. Tarho ba ya buƙatar sanin inda ake gudanar da suwic.

Kuma kada shirin da ka rubuta ya ɗauki adireshin da maƙwabci ya yi shela ya tura masa kalmar sirri kai tsaye. Ya fara duba ko adireshin yana cikin yankin gudanarwa da ka sani, kuma ko ƙofar da aka ji shi tana cikin waɗanda ka amince da su.

Mataki na takwas: bayan kowane sabunta manhaja

Ajiye kamun tcpdump na kowane samfurin suwic da kake da shi, firam ɗaya ya isa, ka rubuta sigar manhajar a sunan fayil ɗin. Duk lokacin da aka sabunta, sake kamawa ka buɗe biyun gefe da gefe a Wireshark da matatar `lldp`. Na taɓa ganin sabuntawar da ta mayar da shaidar ƙofa daga gajeren suna zuwa cikakke, Gi ya zama GigabitEthernet, sai rabin wayoyin da ke taswira suka ɓace da safe alhali ba abin da ya tsinke. Tun daga ranar nake sa shirin ya mayar da sunayen ƙofofi siffa ɗaya kafin ya gwada su, kuma sabon samfurin suwic ba ya hawa rak sai na ga bayit goma sha huɗun nan na TLV na 8 nasa da idona.